Ƙwayoyin Cuta Masu Amfani

Malam Audi Bala ya shekara goma sha tara yana aikin fassara a sashen wayar da kai na wata ma'aikata a Kaduna, kuma a cewarsa ba a taɓa kawo masa kalmar Turancin da ta gagare shi ba. Gaskiyar lamarin ita ce ba a taɓa samun wanda ya karanta abin da ya fassara har ƙarshe ba, balle ya dawo da ƙorafi, don yawancin takardun a hannun masu tsire da masu ƙosai suke ƙarewa. Shi da kansa ya taɓa sayen ƙosai a Kawo aka ƙunshe masa a cikin "Hanyoyi Bakwai na Kauce wa Amai da Gudawa." Ya jingina da mota yana ci yana karantawa, ya ce a ransa lallai wanda ya rubuta wannan ya san Hausa.

Bayan fassarar ofis akwai wata da yake yi kyauta, tsakanin matarsa Maimuna da yayarsa Uwani. Yaya Uwani ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da gurasa da alkaki ta kai shi har jami'a, kuma har yau tanderunta bai mutu ba a Abakpa. Matan nan biyu ba su ƙara yin doguwar magana ba tun ranar sunan 'yarsa Umaima, da Maimuna ta sa aka kawo kek daga shago aka ɗora a tsakiyar tebur, aka tura tiren alkakin Yaya kusa da bokitin wanke hannu. Shekara bakwai ke nan. Daga "ina kwana" sai "lafiya lau." Duk wani saƙo ta bakin Audi yake bi, shi kuma ya tace shi a hanya. In Maimuna ta ce, "Ka faɗa wa yayarka ta daina ɗura wa yarinya maiƙo," abin da ke isa Abakpa shi ne, "Maimuna na gaishe ki." In Yaya ta ce, "Ka tambayi matarka ko a gidansu ba a kitso," a gidansa na Mando sai ya koma, "Yaya ta yaba da kan Umaima."

Umaima ce kaɗai ta hana zumuncin tsinkewa. Makarantarta a Abakpa take, ana tashi ɗaya da rabi, iyayen kuma ba sa barin ofis sai huɗu. Don haka daga Litinin zuwa Juma'a abincin ranarta daga tukunyar Gwaggo yake fitowa. Babu wani gidan da za a kai ta, kuma ita ma babu inda take so kamar nan.

Yarinyar ta kusa shekara biyu ba lafiya. Ciki a kumbure kamar ta haɗiyi ƙwarya, ƙafafu kamar sillen kara, gudawa yau ta tsaya gobe ta dawo. Siket ɗin makarantar da aka ɗinka mata a aji ɗaya shi take sawa a aji biyu, har da fil ake kama shi. An yi maganin tsutsa, an yi na taifot, an yi na shawara. Sai da aka kai ta wurin Dakta Juwairiyya, wata siririyar likitar yara mai gilashi, aka ɗebi jini, aka leƙa hanjin, sannan cutar ta samu suna.

Da Turanci likitar ta yi bayani, da sauri, kamar mai jiran mota. Sunan cutar siliyak. Wani sinadari ne a cikin alkama yake harzuƙa jikin yarinyar ya riƙa kankare hanjinta da kansa, shi ya sa abin da ta ci ba ya zama a jiki. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin kawai ta rabu da alkama da duk abin da aka yi da ita, har iya rayuwarta. Sannan ta ƙara da batu na biyu. A hanjin kowane mutum, in ji ta, akwai bakteriya masu ɗimbin yawa da ke zaune lafiya suna taya shi narkar da abinci. A yara masu wannan cutar an lura masu amfanin sukan ragu. Masana har yanzu gardama suke, ko cutar ce ke korarsu, ko rashinsu ne ke buɗe wa cutar ƙofa. Abin da dai ita ta sani, kada a ba yarinyar maganin kashe bakteriya sai in likita ne ya rubuta, don ba ya tantance na kirki da na banza.

"Wa ke ba ta abincin rana?"

"Yayata," in ji Audi.

"To ku kawo min ita in yi mata bayani da bakina."

Audi ya gyara zaman hularsa, ya yi ɗan murmushin da yake yi wa sababbin ma'aikata. "Likita, ai wannan sana'ata ce. Ki bar min."

Washegari da ya je ɗauko Umaima bai ma kashe mota ba. A bakin zaure ya tsaya, Yaya Uwani ta fito hannunta duk kullu.

"Yaya, an gano ciwon. Abu biyu ne. Na farko, banda alkama. Ko kaɗan."

"Alkama? Ikon Allah. To, na biyu fa?"

A nan ne harshensa ya ɗan tsaya. Bakteriya a duk takardun da ya taɓa fassarawa ƙwayoyin cuta ne, ba shi da wata kalmar. Ya gwada jimlar a ransa: ƙwayoyin cuta masu amfani. Ya ji ta kamar a ce ɓarawo mai amana. Mutum mai shekara goma sha tara a aiki ba zai furta irin wannan a gaban jama'a ba, ga mai kanti na kallonsu. Sai ya datse wutsiyar.

"Na biyu, an ga matsalar ƙwayoyin cuta a hanjinta."

"Ƙwayoyin cuta," Yaya ta maimaita a hankali, ta kalli hanyar Mando. "Ai na sani. Miyar kwana uku a firij."

Audi ya yi kamar bai ji ba, ya ja mota. A gida ya ce wa Maimuna, "Yaya ta fahimta sarai, tana gaishe ki."

Maimuna ta yi wa kicin ɗinta juyin mulki. Biredi ya fita, taliya ta fita, semo ya fita, biskit ɗin baƙi ma ta bayar. Gidan ya koma tuwon shinkafa, da fate, da acca, da dafaffiyar doya. Audi ya goyi bayan tsarin da babbar murya, sannan kullum da safe ya tsaya wurin mai shayin bayan ofis ya ci biredi rabi da ƙwai biyu, ya kakkaɓe gemu kafin ya shiga.

Sati shida aka yi a haka, Umaima ba ta ƙara ko awo ɗaya ba. Gudawar ma ƙaruwa ta yi. Maimuna ce ta lura da tsarin abin: Lahadi yarinya ta ɗan ware har ta yi tsalle-tsalle, Talata ciki ya tashi, Alhamis tana kwance a bayan mota tana riƙe da shi. Ta faɗa wa Audi. Ya ce sauyin yanayi ne.

Ranar wata Asabar da safe Maimuna na wanke jakar makaranta ta ci karo da katin kafson kashe bakteriya, ja da rawaya, an ɓalle shida saura huɗu.

"Umaima, wannan na waye?"

"Nawa ne. Gwaggo ce take fasa min ɗaya a kunu. Ta ce in sha na Asabar da Lahadi a ɓoye, na manta."

Maimuna ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Audi ke nan. Ta ajiye katin a kan jaridarsa, ta ɗauki mayafi.

"Abban Umaima, tashi ka kai ni Abakpa."

"Ki bari ni in je in yi mata magana cikin hikima."

"Hikimarka ta isa haka. Ɗauko makulli."

Daga Mando zuwa Abakpa ba nisa, amma Audi ya yi ta addu'ar Allah Ya kawo cunkoso a gadar Kawo. Ranar hanya fes, ko ɗan sanda babu.

Sun tarar da Yaya Uwani a tsakar gida, ta sunkuya kan tanderu tana manna gurasa a bangonsa. Umaima ta ruga ta rungume ta. Yaya ta shafa kanta da bayan hannu, ta ɗago ta ga wanda ke tsaye a bayan Audi.

"A'a. Yau manyan baƙi muka yi. Madam ce da kanta? Audi, ɗauko mata kujera, kada tabarmarmu ta ɓata mata leshi."

"Ba zama ya kawo ni ba, Yaya." Maimuna ta ɗaga katin. "Wannan ya kawo ni."

"Umaima, shiga ɗaki ki kunna talabijin," in ji Yaya. Sai da labule ya sauka sannan ta miƙe ta goge hannu a zani. "Magani ne. Ni na saya a kemis, ni na ba ta. Sai me?"

"Wa ya ce ki ba ta?"

"Wa zai ce? Ina kallon yarinya na narkewa kamar man shanu a rana, uwarta na ofis tana buga waya. Sai in naɗe hannu?"

"Tun yaushe?"

"Tun da aka faɗa min. Sati biyar ko shida. Wannan kati na uku ne."

"Innalillahi!" Maimuna ta dafe ƙirji. "Kati uku! Yaya, kashe min ita za ki yi?"

"Ki iya bakinki a gidana. Ni na yi mata wankan farko tun kina kwance kina kukan ɗinki. Cutar daga ina ta kwaso ta? Daga tanderuna da wuta ke ci kullum, ko daga firjinki da ake tono miyar Talata a ci ranar Juma'a?"

Audi ya shiga tsakani da tafukan hannu a buɗe, kamar mai raba faɗan tasha. "Abin da Yaya take nufi shi ne..."

"Na ji abin da take nufi," in ji Maimuna. "Hausa ta yi."

Wannan ne karo na farko cikin shekara bakwai da suka yi magana babu tafinta, kuma Audi ya ga lallai kowacce tana da ajiya. Aka tono kek. Aka tono tiren alkaki. Aka tono wani turmin atamfa da Maimuna ta kawo da Sallah, wanda Yaya ta ce ko labule ba za ta yi da shi ba. Gurasa ɗaya ta ƙone a tanderu, babu wadda ta waiwaya.

"Bar batun atamfa," in ji Maimuna. "An ce kada ta ci alkama. A gida ko ƙwaya ba ta gani. Amma duk ranar da ta wuni a nan sai cikinta ya tashi. Kina ba ta, Yaya. Don ni na faɗa, shi ya sa kike ba ta."

Idanun Yaya Uwani suka kaɗa. Ta juya ta ciro makulli daga bakin zaninta, ta buɗe ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da rijiya, ta koma gefe.

"Leƙa."

Buhun alkama ne a ƙuryar ɗakin, an ɗaure bakinsa da igiya, an lulluɓe da tsohon bargo, an ɗora turmi a kai.

"Sati shida rabona da alkaki. Gidan biki uku suka aiko na ce ba na yi, har da 'yar Hafsatu da muka tashi tare, yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa. Don kada ƙurar ta tashi yarinya ta shaƙa. Wallahi tallahi, ko a gaban Alƙur'ani, ƙwayar alkama ba ta shiga bakin Umaima a gidan nan ba."

Maimuna ta ɗan ja baya. Rantsuwar ta yi nauyi. Muryarta ta sauko kaɗan.

"To me take ci?"

"Abin da 'ya'yan mutane ke ci. Gurasa da miya. Taliyar da na murza da hannuna. Ran da ta ce tuwo take so in tuƙa mata semo."

"Gurasa!" Maimuna ta nuna tanderun. "Yaya, da me ake gurasa?"

"Da fulawa. Yau kika zo garin?"

"Fulawa ai alkama ce! Semo ma alkama ne! Taliya alkama ce!"

"Ke ki raba ni da iyayi. Alkama ga ta can a buhu, ja, mai ƙwaya, a surfa a kai inji. Fulawa ga ta nan fara a leda. Na san daga tsatso ɗaya suke, ba jaka ba ce ni. Amma shekara arba'in ina sana'ar nan, ban taɓa jin macen da ta ce alkama tana nufin fulawa ba. In na aiki mutum kasuwa ya sayo alkama ya dawo min da fulawa, da muciya zan raka shi. Alkama aka ce min. Da an ce fulawa da na ji."

"To kafson fa? Likita ta ce kada a kuskura a ba ta irin wannan."

"Ni ba a faɗa min haka ba. An ce min ƙwayoyin cuta ne a hanjinta. Me ake yi wa ƙwayoyin cuta? Goya su ake yi?" Ta juya ta nuna bangon rumfa. "Ga shi can. Na yi yaƙi da jahilci, ina karantawa."

A bangon, sama da randa, akwai wata tsohuwar fasta da hayaƙi ya dafa, an kafe ta da ƙusoshi huɗu. Audi ya san ta. Shi ya kawo mata shekara goma da suka wuce, da alfahari, ita kuma ta kafe ta don duk mai sayen gurasa ya san ƙanenta ne ya rubuta. Manyan baƙaƙe ja: KASHE ƘWAYOYIN CUTA KAFIN SU KASHE KA.

Audi ya duba agogonsa. Ya duba sama. Ya lura cewa rufin rumfar na bukatar gyara.

Maimuna ba ta kai ga haɗa lissafin ba tukuna, fushi ya rufe mata ido. "Ko ma mene ne, an gama. Daga yau Umaima ba za ta ƙara shan ko ruwa a gidan nan ba. In ta kama in ajiye aiki, zan ajiye."

"Ki ɗauke ta," in ji Yaya. "Ki kai ta firij ya raine ta."

Labulen ɗaki ya motsa. Umaima ce tsaye, rabin fuskarta a waje, ɗaya hannun a kan ciki. Ba ta yi kuka ba, kallonsu kawai take.

To a nan fa hanya ta rabu wa Malam Audi biyu. In ya yi shiru, matan za su rabu kowacce na ganin laifin ɗayar, shi ya fita da farar rigarsa, yarinya ta rasa Gwaggo, ta rasa inda za ta ci abincin rana. In ya yi magana kuwa, ya san abin da zai biyo baya. Namiji mai hankali a irin wannan wuri yakan nemi hanya ta uku, shi ma ya nema.

"Ina ganin," ya ce da muryar taron ofis, "an samu ɗan giɓi wajen isar da saƙo."

Duka biyun suka juyo.

"An samu," in ji Maimuna a hankali. "Wa ya samu? Abban Umaima, me ka faɗa mata? Kalma da kalma."

"To, a taƙaice dai..."

"Ni zan faɗa miki," in ji Yaya. Ta gyara tsayuwa, ta tura ciki gaba, ta taɓa hular da babu a kanta. "'Yaya, abu biyu ne. Na farko, banda alkama. Na biyu, an ga matsalar ƙwayoyin cuta a hanjinta.' Ko mota bai kashe ba."

"Shi ke nan?"

"Sai hayaƙin da ya bar min."

Maimuna ta kalli mijinta kamar yau aka kawo mata shi. "Minti ashirin likita ta yi tana bayani. Ta ce a kawo mata Yaya. Ka ce sana'arka ce."

"Masu amfani ne," Audi ya ce, muryar ta fito siririya. "Ƙwayoyin cutar. Masu amfani ne suka yi kaɗan. Jimlar ce na ga ba ta zauna ba, shi ya sa na..."

"Jimla ba ta zauna ba," in ji Maimuna. "Sati shida yarinya ba ta zauna ba, daga aji sai bayan gida."

"Ku tsaya," in ji Yaya. "Cuta mai amfani? Audi, ka fara shaye-shaye ne da girmanka?"

Maimuna ta gwada. Ta ce bakteriya, ta ce akwai masu kyau akwai marasa kyau, ta ce garkuwar jiki. Yaya ta saurara da fuskar wadda ake karanta wa takardar kotu. "Ni dai abin da na sani, cuta cuta ce. Yau ku ce a kashe, gobe ku ce a yi kiwo."

Idon Audi, da ke neman wurin ɓuya, ya sauka kan wata baƙar tukunyar ƙasa a ƙarƙashin rumfa, an rufe ta da faifai. Ya san ta fiye da fastar. A ciki Yaya ke ajiye ɗan ragowar kullun jiya mai tsami, wanda take kira uwar kullu, ta gutsura ta zuba a sabon kwaɓi ya tashi. Har yau ba ta yarda da yis ɗin leda shi kaɗai ba.

"Yaya," ya ce, "kin tuna ranar da na wanke miki tukunyar can?"

"In manta? Kana aji huɗu. Ka ga na fita ka ce za ka yi min gwaninta, ka kankare ta da sabulu da soso har tana ƙyalli. Kwana biyar gurasata na fitowa kamar tafin takalmi. Ka ci duka."

"Me na kashe a ciki?"

"Uwar kullu mana. Abu mai rai ne, ba ka gani da ido amma..." Ta tsaya.

"Cikin Umaima ma akwai irinta. Kowa yana da ita. Tata ta yi rauni, likita ta ce a lallaɓa ta." Ya nuna katin da ke hannun Maimuna. "Wannan kuma sabulu ne."

Yaya Uwani ta kalli tukunyar, ta kalli katin, ta kalli yarinyar da ke bakin labule. Ta zauna a kan wani turmi.

"Kati uku," ta ce. "Da hannuna. Ina fasawa ina bismillah."

Audi ya matsa zai dafa kafaɗarta, a zatonsa lokacin sulhu ya yi, har ya fara shirya 'yar jimlar rufe taro. Ta buge hannun.

"Kana da wannan maganar a bakinka, ka tsaya min a zaure kana ƙwayoyin cuta? Da na san abin da jami'a za ta mayar da kai ke nan, da na bar ka kana tallan gurasa. Aƙalla da ka san bambancin alkama da fulawa." Ta juya ga Maimuna. "Ke kuma kada ki ɗauka shiri muka yi. Maganar kek tana nan."

"Ni ma maganar firij tana nan."

"To madalla. Kina da biro?"

Maimuna ta ciro biro da wata tsohuwar ambulan daga jaka. Ta fara jero abin da likita ta hana, Yaya ta katse ta.

"Likitarku ta san littafi, ni na san inda fulawa ke ɓuya. Rubuta. Ɗanwake, ana sa mata. Waina, wasu na barbaɗawa don ta yi laushi, ni ma ina yi. Ƙosan bakin makaranta, kada ki yarda da shi, ana ƙara auki da ita. Fanke, cincin, dubulan, duk a soke. Rariyata da muciyata da kwanon kwaɓi duk sun sha fulawa, sai an sayo nata daban, a ɗaura musu jan zare. Abincinta a ɗaki zan dafa, a kan risho, kafin in taɓa fulawa."

"Tandar waina fa?"

"Sabuwa. Ke za ki sayo, tunda kin iya sayen abu a shago."

Maimuna ta rubuta, haƙoranta a cije. "Ranar Litinin za mu koma wurin likita, a faɗa mata batun kafson. Da ke za a je."

"Da ni za a je. Ta yi min da Hausa, ko ta yi da Turanci ke ki juya. Ba ni lambarki."

Shekara bakwai, sai yau suka karɓi lambar juna, kowacce na karanto tata kamar tana ba da shaida a kan ɗayar.

"Ni sai in zo in ɗauke ku da ƙarfe tara," in ji Audi, "in ya so a can sai in taimaka wajen..."

"Kai direba ne," in ji Yaya. "Ka kai mu, ka zauna a mota."

"Ka kuma kashe ta," in ji Maimuna.

Umaima ta fito daga bayan labule ta tsaya a tsakaninsu. "Gwaggo, ranar Litinin zan zo?"

"Za ki zo, uwata. Shinkafa da wake za ki ci, da man ƙuli da yaji kaɗan."

"Gurasa fa?"

Yaya ta kalli Maimuna, Maimuna ta kalli ƙasa. Cikin su biyun babu wadda ta nemi a fassara mata.

"Gurasa ta tsofaffi ce," in ji Yaya daga ƙarshe. "Zan koyi wata da garin shinkafa. In ta fito kamar takalmi, babanki zai cinye."

Ta miƙe ta nufi rumfa, ta kama fastar ta fizge ta daga ƙusoshin. Ta zaro gurasar nan da ta ƙone, ta naɗe a ciki, ta dangwara wa Audi a hannu.

"Ungo ladan fassara. A zaure za ka ci, kada ka shigar wa yarinya mota da ita. Ka wanke hannu in ka gama."

Ya zauna a dakalin zaure, gurasa na ƙona masa yatsu. Daga ciki yana jiyo su sun koma kan batun jan zare, wai ja ko baƙi, kowacce ta kafe. Ya buɗe ƙunshin. Maiƙo da toka sun cinye rabin rubutun, abin da ya rage a fili KAFIN SU KASHE KA. Ya karanta sau biyu, ya gutsuri gefen da bai ƙone sosai ba.